Kafin ka ciwo bashin sabon jirgi, dubi wanda ke riƙe da sitiyari

Wani ɗan'uwa da ke zaune a San Diego, jihar Kalifoniya ta Amurka, ya aiko da wannan: "Na kwashe ajiyata na sayi ƙaramin jirgin ruwa, ina fita da 'yan yawon buɗe ido shida-shida su kalli kifin wel, dala 100 kowane kai. Ƙanin matata ne matuƙi. Asabar da Lahadi, da kifi ya ɓullo sai jiragen masu shaƙatawa da baburan ruwa su yi masa ƙawanya. Yaron kan kutsa tsakaninsu don fasinja su gani, har jami'ai sun taɓa gargaɗinmu. Ko in ci bashi in sayi jirgi mai gudu, mu riƙa riga su isa?"

Malam, ka cusa maganar gargaɗin nan a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba ce, alhali nan gizo ke saƙa. Cunkoso kowa yana fama da shi. Taka matsalar ita ce ka damƙa jarinka a hannun wanda ba ka iya yi wa faɗa, don kada magana ta iso gida kafin kai.

Tun 1972 Amurka ke da dokar kare dabbobin ruwa masu shayarwa (wel kam mu ne ke ce masa kifi, amma nono yake ba ɗansa). Takura masa laifi ne mai tara, idan da gangan ne har ɗaurin shekara guda. Hukumar NOAA, mai kula da harkokin teku da yanayi a Amurka, ta ce a bar yadi 100 tsakanin jirgi da kifin, kada a tare masa gaba, kada a bi shi a guje. A jihar Washington ma, daga 2025, akwai rukunin wel da sai an ba shi yadi 1,000. Kullum igiyar ƙara tsukewa take.

Ka kuma tuna, mai babur ɗin ruwa ya yi shirmensa ya tafi, ba wanda ya san shi. Kai sunan kamfaninka na rubuce ɓaro-ɓaro a jikin jirgi, kuma mutum shida da ka ɗauko kowa da waya a ɗage. Shaidar da za a kama ka da ita, fasinjanka ne zai saka ta a Facebook yana murna.

Na taɓa zama da wani mai irin sana'arka. Ɗan yayarsa ne matuƙi, yaro mai zafin nama, fasinja na yi masa tafi idan ya matsa kusa. Na ce ya ja masa kunne, ya ce ai yaro ne, zai nutsu. Wata ranar hutu ya kutsa cikin cunkoso, kifi ya taso ta gefe, ya murɗa sitiyari ya gogi jirgin wani, wata dattijuwa ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Kamfanin inshora ya ga bidiyon, ya fara jan ƙafa. Jirgin ya ƙare kakar a ɗaure, shi da yayar tasa kuma har yau gaisuwa sama-sama.

Batun jirgi mai gudu, mu yi lissafi. Shida sau 100, dala 600 a fita guda, kafin mai, kuɗin ajiye jirgi, inshora da albashi. Sabon jirgi ba zai mayar da shida bakwai ba. Wuce shida sai jirgin da rundunar tsaron gaɓar teku ta duba, da lasisin matuƙi na gaba. Kuɗin shiga yana nan yadda yake, ka ƙara wa kanka shan mai da bashi, ka kuma miƙa wa yaron da bai san birki ba injin da ya fi ƙarfi. Ko ka riga su isa, cikin 'yan mintuna za su hango ka su biyo, don jirgin kallo shi ne tutarsu.

Abin da zan yi da ni ne: in zaunar da matuƙin gaban matata, ba a bayan idonta ba, in rubuta ƙa'ida ya sa hannu. Yadi 100. Kifi ya nufo ku, a cire giya a tsaya cik. Jirage sun taru, a bar musu. Ya saɓa sau ɗaya, ya sauka. In ka san bakinka ba zai iya furta wannan ba, ɗauki baƙo yau, ka nema wa ƙanin naka aiki a kan tudu, sayar da tikiti ma aiki ne.

Sauran kuwa jadawali ne. Mayar da fitarka ta farko zuwa sassafe, teku a kwance, masu shaƙatawa ba su tashi ba. Rage farashi tsakiyar mako. Daga Disamba zuwa Afrilu kifayen wel masu launin toka ke ratsa gaɓarku tsakanin Alaska da Meksiko, ba guda ɗaya ba ne da za a yi kokawa a kansa. Sayi madubin hangen nesa shida, ka faɗa wa fasinja tun a bakin teku cewa jirginka ba ya bin kifi.

Ka rubuto mini yadda zaman naku ya kaya.