Ƙirga da hannun dama tukuna, sauri daga baya

Ɗana, ka ce in nuna maka yadda za ka ƙara saurin yatsu don ka kaɗa progressive metal, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙirga mai sarƙaƙiya, irin na su makaɗin jita John Petrucci, domin da ka hanzarta sai sautin jitarka ya cakuɗe, ƙirga kuma ya ƙwace maka. Na saurare ka. Yatsun hagunka lafiyarsu ƙalau. Gyaran yana hannun dama, da kuma ƙirgan.

Bari mu fara da ƙirga, don nan ne gizo ke saƙar. Kunnenka ya saba da kiɗa mai bugu huɗu-huɗu, shi ya sa 7/8, wato mai bugu bakwai-bakwai, ke yi maka kamar an sace wani abu a ƙarshe. Daina ƙirga ɗaya zuwa bakwai a jere. Ka raba shi: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, kana nauyaya kowane "ɗaya". Ajiye jitar, ka tafa shi da hannu har ya zauna a jikinka. Sannan ka ɗauko ta, ka kaɗa shi a tsirkiya guda, sauti guda, hagu na hutawa. In ya zauna, ka mayar da ukun zuwa farko, ka ji yadda tafiyar ta sauya alhali bakwai ɗin na nan.

Abin da ya fi ruɗa masu koyo shi ne salon ƙungiyar Meshuggah, makaɗan Suwidin ɗin nan da suka fara a 1987. Mutane na zaton wani ma'auni ne na aljanu, alhali yawanci 4/4 ne tsaf, wato huɗu-huɗun nan da ka saba. Mai gangarsu, Tomas Haake, yana riƙe bugu huɗu da hannuwansa, jita kuma tana maimaita wata gaɓa da tsawonta bai dace da huɗun ba. Gwada da kanka. Ma'auni ɗaya na 4/4 yana da ƙananan bugu 16. Ƙirƙiri gaɓa mai bugu 5 ka yi ta maimaitawa. Kowane zagaye farkonta zai faɗo a wani wuri dabam, ba za ta koma gida ba sai bayan ma'auni biyar, bugu 80 ke nan. Ko kuma ka yanke ta a ma'auni biyu, bugu 32: biyar sau shida 30, sai ka cike da biyu. Ƙafarka kuwa tana buga ƙasa kan huɗu, ba ta motsawa daga nan. Ranar da ƙafa ta bi hannu, ka ɓata.

Cakuɗewar sauti kuma daga tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa take fitowa. Distoshon, wato kaushin da amfilifaya ke sa wa sauti, ba ya rufa asiri, duk wadda ta ɗan girgiza sai amfilifaya ta tona ta. Gefen tafin damanka ya kwanta kan masu kauri dab da gada, inda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikin jita, ɗan alin hagu kuma ya shafi sirara da ke ƙarƙashinsa. Ka rage distoshon ɗin ma, ya yi yawa. Ƙarfin irin wannan kiɗa daga bugun fik, ɗan abin da kake kaɗa tsirkiya da shi, yake zuwa. Haka sharar tsirkiya da kake ta ɗoki, wato jan fik a kan tsirkiyoyi a jere da bugu guda: yatsa ɗaya ne ke danne a lokaci guda, da ya gama sai ya saki. In biyu suka yi ƙara tare, ai ba shara ka yi ba, haɗa su ka yi.

Sa metironom, na'urar da ke riƙe maka bugu, a 60, sauti huɗu kan kowane bugu, fik ƙasa-sama ba tsallake. Ka fi mai da hankali inda kake ƙetarawa daga tsirkiya zuwa wata, nan ne fik ke tuntuɓe. Sai ya fita tsaf sau da yawa a jere za ka ƙara wa metironom huɗu ko biyar. Wuyan hannu ya fara zafi, ka tsaya, wannan ba wurin jarumta ba ne.

Maganar sayen mai tsirkiya bakwai ko takwas, don ka ga makaɗin jita Tosin Abasi, a bar ta tukuna. Ta bakwai sautin B na ƙasa take ƙara maka, ta takwas sautin F#, kowace kuma wata ƙarin baki ce da za ka toshe. Shidan nan sun ishe ka.

Ka ɗauki kanka a waya kana kaɗa gaɓar biyar ɗin a 60, ba distoshon, ka kawo mini mu saurara tare.