Yaran ƙanina na Legas Yarbanci suke yi da abokansu

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Ƙanina na sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya kawo yaransa hutu, suna jin Hausa sarai amma in sun kira abokansu a waya sai Yarbanci da buroka, kai ko junansu ma haka suke yi. Tsohuwarmu har kuka ta yi wai jikokinta sun zama Yarbawa. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka ba Inna haƙuri, tunda suna ji ai da sauran dama. Yaro da ya fara fita waje to yaren filin ƙwallo da na makaranta shi yake kama bakinsa, don ba ya so a ce shi daban ne a cikin tsaransa, Hausar sai ta koma ta gaisuwa da aike da amsa faɗa. Masanin harshe Joshua Fishman ya yi bayanin yadda abin ke tafiya ga baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, iyaye da yarensu, 'ya'ya yare biyu, jikoki sai na gari kawai. Ba sai mun je nesa ba ma, dubi Fulanin da suka zauna cikinmu nan Kano da Jigawa, nawa ne jikokinsu ke Fulatanci? Wasa da 'ya'yan Hausawa ne ya cinye shi.

Amma fa je zangon Kumasi ko Nima a Akara, ko Sabo ta Ibadan da aka kafa tun 1916, Hausa na nan daram, a zangunan Gana har waɗanda ba Hausawa ba ita suke yi, saboda a can ita ce yaren layi da makarantar allo.

To kun ga maganin ba tsawa ba ne, abokai za ku samo musu. Ku sake su cikin yaran gidanku su je gona, su yi langa, su bi su kasuwa ran da take ci, in sun koma kuma a ci gaba da tura saƙon murya ta WhatsApp. Ƙaninka ma ya sa su a islamiyyar da 'yan Arewa suke da yawa, Agege ai ba a rasa ba. Yarbancin kuma ku bar musu abinsu, zai yi musu rana a kasuwa. Sannan dan Allah a ja kunnen yaran ƙauye da matan gida, in yaro ya ce "Inna ya zo" kar a fashe da dariya ana ce masa Bagware, maimaita masa za a yi daidai a wuce, in ba haka ba gobe ko ka tambaye shi da Hausa da buroka zai amsa maka.