Sarƙar fokilif ta saki: ta araha zan saya ko mai tsada?

Tambaya: Ina da sito a Dawanau, muna lodin riɗi da fokilif, wato motar ɗaga kaya, mai ɗaukar tan 3. Bakanike ya ce sarƙa ɗaya ta saki. Ya kawo min farashi biyu, ɗaya ya kusa ninka ɗayan, ya kuma ce guda ɗayar ma kawai za a iya canzawa. Wacce zan saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar canza guda ɗaya dai a bar ta. Sarƙoƙin nan biyu da ke ɗaga kayan raba nauyi suke yi. In aka haɗa sabuwa da tsohuwar da ta riga ta miƙe, sabuwar ce za ta sha kayan kusan ita kaɗai, ba da jimawa ba ka sake zaro kuɗi.

Kafin a zo kan farashi, sa a goge sarƙar da ke jiki a karanto maka lambarta. Irin wannan sarƙa ba kamar ta babur ba ce, fallayen ƙarfe ne aka jera aka soke su da fil. In ka ga BL634, shidan na nufin tazarar da ke tsakanin fil da fil, wato kashi 6 cikin 8 na inci, milimita 19.05. Ukun da huɗun kuma jerin fallayen ne, uku a wannan gaɓa, huɗu a mai bi mata. Ina zargin a nan bambancin farashin naka yake. Akwai samfurin AL, wanda tazararsa kan zo daidai da ta BL, amma fallayensa da fil ɗinsa sun fi siranta. A ido sai ka rantse abu ɗaya ne. Abin da kamfanin motar ya rubuta a littafinta, shi za ka saya.

Sakin ma a auna shi a gabanka. A BL634, gaɓa 16 inci 12 ce cif tana sabuwa. A auna wurin da ke yawan bi ta kan tayar ƙarfen nan ta sama, sarƙar tana a ɗame. In ta doshi inci 12 da kashi 3 cikin 8, ta miƙe da kashi 3 cikin 100 ke nan, kuma nan ne iyakar da masu ƙera ta suka sa. Tsagaggen falle ko fil da ya juya kuwa ba sa jiran awo, kuma walda ba ta gyara su.

Sai lissafi. Kada ka tsaya kan ratar farashin kaɗai. Ɗora kuɗin yini guda da tirela za ta yi a ƙofar sito tana jira, da ladan 'yan dakon da za ka kira, ga shi akwai yara masu gilmawa kusa da kayan in an ɗaga. Ni da kuɗina ne, mai tambari da lamba a jikin fallayen zan ɗauka, da takardar gwajin ƙarfinta, da rasit mai ɗauke da lambar. Tsubaki ta Japan da Renold ta Ingila sanannu ne, ta China ma akwai ta ƙwarai in ta zo da takardunta. Ta gwanjo ce ban yarda da ita ba ko kyauta ce, don gajiyar ƙarfe ba a ganin ta.

In an ɗaura sababbin, a hana yaranka lafta musu giris. Ba ya shiga cikin gaɓa, sai dai ya kama ƙurar hunturu ya zama kamar yashi. Baƙin mai mai tsabta za a riƙa shafawa da burushi, bayan an sauke cokulan, wato ƙarafan gaba masu ɗaukar kaya, ƙasa sarƙar ta yi sako-sako.