Amsa kan ƙaurace wa filin wasa saboda masu kulob

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaurace wa wasanni yana iya raba mai kulob da kujerarsa. Yana iya taimakawa, amma sai da dogon haƙuri. Magoya bayan Blackpool a Ingila sun shafe kusan shekara huɗu ba sa sayen tikiti domin adawa da iyalan Oyston masu kulob ɗin, har kotu ta karɓe kulob ɗin a 2019, bayan shari'a da wani mai hannun jari. Ƙaramin kulob ne, kuɗin ƙofa yana da nauyi a wurinsa. Manchester United kuwa, wadda muke cika gidajen kallo na Maradi dominta, kuɗin talabijin da talla ne ke riƙe da ita, shi ya sa iyalan Glazer masu kulob ɗin suke nan tun 2005, abin da har yau yake ƙona mini rai.