Shawarar Lauya: Wa ke da tsabar azurfar da aka tsamo daga ƙarƙashin teku?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi ne, musamman tsabar azurfa da aka tsamo daga jiragen ruwan da suka nutse. Ina da guda biyu na jirgin Atocha, kowacce da takardarta, sai ɗaya ta El Cazador wadda rasit kaɗai aka haɗo mini da shi. Kwanan nan wani dillali a intanet ya yi mini tallar wasu masu yawa da araha, ya ce daga wani jirgin yaƙin Sifaniya suka fito, amma ya ƙi faɗin sunan jirgin, wai sirrin sana'a ne. Akwai kuma wani a Ostireliya da ke son sayar mini da ta jirgin Batavia. Shin na hannuna nawa ne a gaban doka? Kuma in sayi sababbin?

Amsa: Malam, barka kadai. Na hannunka kana da ƙafar tsayawa a kansu. Na dillalin da ya ɓoye sunan jirgi, kada ka taɓa. Ta Batavia kuwa, ko ka biya kuɗinta, da wuya ta iso hannunka ta halastacciyar hanya.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da ya shekara ɗari uku a ƙasan teku ya zama tsintuwa. A dokar teku, nutsewar jirgi ba ta raba mai kaya da kayansa. Wanda ya tsamo yana da haƙƙin ladan ceto, kotu ta yanka masa, wani lokaci kaso mai tsoka ƙwarai, amma asalin mallakar tana nan wurin mai jirgi, ko magadansa, ko kamfanin inshorar da ya biya diyya, ko gwamnati. Sai kotu ta gamsu cewa mai kaya ya sallama kayansa ne take ba wanda ya tsinta, kuma kotuna ba sa saurin gamsuwa.

Idan jirgin na gwamnati ne, abin ya fi tsauri, kuma nan ne dillalinka ya tona wa kansa asiri. A 2007 kamfanin Odyssey Marine Exploration na Amurka ya kwaso tsaba kusan 594,000, nauyin kimanin tan 17, daga Tekun Atlantika, ya kai su Florida, ya laƙaba wa wurin suna Black Swan ba tare da bayyana ko wane jirgi ne ba. Sifaniya ta shiga shari'ar ta nuna cewa jirgin yaƙinta ne, Nuestra Señora de las Mercedes, wanda jiragen Birtaniya suka nutsar a 1804 daura da gaɓar Fotugal. Kotu ta ce jirgin yaƙin wata ƙasa yana da rigar kariya, shi da abin da ke cikinsa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2011. A Fabrairun 2012 jiragen saman soja biyu suka kwashe dukiyar zuwa Sifaniya, kamfanin bai samu ladan ceto ba. Peru ma ta nemi kaso, tunda yawancin tsabar a Lima aka buga su, ita ma ba ta samu ba. Kada kuma ka ce wannan sai jirgin yaƙi: a 2024 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba Afirka ta Kudu gaskiya a kan sandunan azurfa 2,364 da wani kamfani ya tsamo daga SS Tilawa, jirgin fasinja da ya nutse a 1942, domin azurfar ta gwamnati ce da aka nufa a buga kuɗi da ita.

To, mutumin da ya ce maka "jirgin yaƙin Sifaniya" sannan ya ƙi faɗin suna, ɗayan biyu ne. Ko ƙarya yake yi, jabu zai sayar maka, ko gaskiya yake faɗa, kayan wata ƙasa zai sayar maka. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila, wanda bai mallaki abu ba, ba ya iya mallaka wa wani; ko ka saya da zuciya ɗaya, mai kaya zai karɓe, kai kuma ka bi dillali. Ƙasashe irin su Faransa da Italiya sun fi sassauta wa mai saye da kyakkyawar niyya, sai dai wanda ya ga araha ta wuce hankali, aka hana shi sunan jirgi, ya rufe ido ya biya, wane alƙali zai kira wannan kyakkyawar niyya? Araha ba ta ado, balle a kotu. Ajiye saƙonninsa, ka daina amsa masa.

Atocha labarinta daban. Ta nutse a 1622 kusa da tsibiran Florida Keys. Mel Fisher, mai neman dukiyar jiragen da suka nutse, ya yi shekaru yana shari'a da jihar Florida da gwamnatin tarayya, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya yi masa daɗi a 1982, sannan ya gano babban tarin dukiyar a 1985. Tsabar da ta fito ta hannun kamfaninsa tana da tushe a hukuncin kotu, shi ya sa ake cinikinta a fili. Abin da ya rage maka shi ne ka tabbatar takardar da ke hannunka ta wannan tsabar ce: lambar da ke jiki, hoto, nauyi, da wurin bugawa, wanda galibi Potosi ne, a Bolibiya ta yau. Cikakkiyar tsabar riyal takwas ta Sifaniya tana kai giram 27 ko kusa, amma ruwan gishiri yana cinye azurfa, don haka ka auna taka ka gwada da abin da aka rubuta. Ana buga takardar jabu kamar yadda ake buga tsabar jabu, ana kuma ɗaukar takarda ta gaske a jingina wa wata tsaba.

Takardar da dillali ya rubuta cewa tsaba ta gaske ce, shaida ce kan ingancinta kawai. Ba ta nuna an fito da ita da izini. A 2024 hukumomin Florida sun sanar da ƙwato tsabar zinare 37 daga cikin waɗanda aka tsamo a 2015 daga ayarin jiragen Sifaniya da guguwa ta nutsar a 1715. Wurin aikin yana da izini, tsabar ta gaske ce, amma an ɓoye wasu ba a kai rahotonsu ba, suka zama kayan sata. An bi wasu har wuraren gwanjo.

Ta El Cazador ba ta tayar mini da hankali. Jirgin ya nutse a 1784, masunta suka ci karo da shi a 1993 a Mashigin Tekun Meksiko, kuma an daɗe ana sayar da tsabarsa a bainar jama'a. Matsalarka ta hujja ce: riyal ɗin Meksiko mai ɗauke da shekarar 1783 ba wuyar samu gare ta ba, rasit kuma ba ya nuna daga teku ta fito. Rubuta wa wanda ya sayar maka ya ba ka sunan wanda ya saya a hannunsa da lambar gwanjo in akwai.

Batavia jirgin kamfanin Holan ne da ya tarwatse a 1629 a yammacin Ostireliya. Holan ta miƙa wa Ostireliya haƙƙinta a kan irin waɗannan jirage a 1972, yanzu kuma dokar kayan tarihin ƙarƙashin ruwa ta 2018 ce ke kula da su. Akwai tsabar Batavia a hannun mutane, amma masu rajista ne, sauya hannu sai da izini, fitar da su daga ƙasar ba izini laifi ne. Nemi lambar rajista da takardar izinin fitarwa kafin maganar kuɗi. In ya ce zai sa ta a ambulan ya rubuta "kyauta", ya gayyace ka fasa-ƙwauri ne.

Game da sayar da naka, inda kake da inda kayan za su ne ke yanke hukunci. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ɗauki abin da ya shekara 100 a ruwa a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa, ta kuma ɗora wa ƙasashen da suka shiga alhakin ƙwace wanda aka tsamo ta hanyar da ta saɓa mata. Sifaniya da Faransa da Fotugal suna ciki, Amurka da Birtaniya ba sa ciki. Ba ta komawa baya ta kama abin da aka fitar tun kafin ta fara aiki a 2009, wanda ya sa shekarar da aka tsamo tsabarka take da muhimmanci. Tun watan Yunin 2025 kuma, shigar da abin da aka tono daga ƙasa ko ruwa da ya haura shekara 250 cikin Tarayyar Turai yana buƙatar lasisi, komai ƙanƙantar darajarsa. A takardar kwastam rubuta gaskiya: sunan jirgi, shekara, da ƙima.

Duk sayen da za ka yi nan gaba, sa dillali ya rubuta a rasit cewa shi ne halastaccen mai kayan, kuma zai mayar da kuɗinka in wani ya yi da'awa. Biya ta hanyar da ke barin sawu. Idan wata rana wasiƙa ta zo daga wata gwamnati ko 'yan sanda, kada ka sayar, kada ka goge tsabar, kada ka aika da ita ko'ina. Tattara takardunka ka kai wa lauyan da ya san dokar kayan tarihi ta ƙasar da kake zaune kafin ka ba da amsa.