Me ya sa ake zargin 'yan sanda a mutuwar Thelma Todd?

Malam, ka tambaya ko kashe ta aka yi. Ranar 16 ga Disamba 1935 aka tsinci gawar wannan jarumar fim ta Amurka, mai shekara 29, cikin motarta a wani gareji a Los Angeles. Binciken hukuma ya ce hayaƙin mota ne ajalinta, kuma ba a gurfanar da kowa ba.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin 'yan sandan birnin a lokacin. A 1938 aka dasa wa Harry Raymond, mai bankaɗo cin hanci, bom a mota, kotu ta ɗaure kyaftin ɗin 'yan sanda Earl Kynette saboda wannan hari, jama'a suka tsige magajin gari Frank Shaw. Irin wannan hali na 'yan sanda na cikin abin da ya sa wasu ba su gamsu da binciken mutuwar Thelma Todd ba.