Amsa ga Maman Biyu kan mutumin ƙanƙara da ya ƙi dunƙuluwa

Maman Biyu, wallahi ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta a hunturunmu na farko a Winnipeg ta ƙasar Kanada. Kin ce 'yan biyunki masu shekara 4 sun ga mutumin ƙanƙara a ƙofar maƙwabta sun hana ki sakat, kun fita kun yi ta tarawa ya ƙi haɗuwa, ga malamarsu kuma ta ce kowa ya kawo na hannu kafin hutu. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ba hannunki ba ne.

Dusar ƙanƙarar garin nan in sanyi ya kai 20 ƙasa da sifiri a bushe take, kamar garin kwakin da ba a jiƙa ba, ko ƙato ne ba zai dunƙula ta ba. Sai sanyin ya sassauta ya kusa sifiri ta ɗan yi danshi, sannan take kama jikinta. Shi ya sa za ki fi ganin manyan a farkon zubarta ko wajen Maris. Ni yanzu ɗebo ta nake a baho in shigo da ita kicin, in shimfiɗa tsohon tawul, in bar ta ta ɗan sha ɗumin gida. Yara su sa safar hannu su mulmula ƙananan dunƙule uku a kan tire, a yanko bakin karas a yi hanci, zabibi ya zama ido. In sun gama a tura shi firiza kusa da nama, gobe su buɗe su gaishe shi. Kuma don Allah ki riƙa duba sanyin iska a waya kafin ki fita da su. In ya kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kuma yaro in wasa ya yi daɗi ba zai ce miki kunnensa ya mutu ba.

Na makaranta kuwa, farar safa ki nema, ko cikin na Abbansu da suka rasa 'yan'uwansu. Ki zuba shinkafa kamar kofi biyu, ki ɗaure baki da robar ɗaure kuɗi, ki sake ɗaure wata a sama da tsakiya kai ya fito. Ƙyallen atamfa a wuya, wata safar mai launi ta zama hula. Shi ke nan.

To amma ga inda nake so ki yi hattara, don ni abin nan har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ranar da muka yi namu na farko, babbar 'yata tana ta tsalle don murna, ta ɗaura masa kallabi ta ce ai Hajiya ce. Yarinyar da tun zuwanmu take kukan a mayar da ita wajen kakarta, ranar na fara ganin haƙoranta. Sai na ɗauki hoto na tura zauren dangin maigidana na WhatsApp. Ko minti goma ba a yi ba facalata ta turo saƙon murya mai tsawo, a gaban surukata da kowa da kowa. Wai an kai 'ya'yan ɗan'uwansu ƙasar sanyi ana koya musu sassaƙa gumaka, wai saura mu kafa bishiyar Kirsimeti a falo. Har da lalubo labarin malamin Saudiyyar nan da ya ce haramun ne a Janairun 2015, lokacin da ƙanƙara ta zuba a yankin Tabuk. Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa kira ta ce ya kuke fama da sanyi ba! Ina zaune a ƙasa, shinkafa warwatse ko'ina, jariri a baya, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, maigidan yana wajen aiki sai dare, na yi kuka har na gode Allah. Abin da ya fi ƙona min rai, babu wanda ya tanka mata. Shi ma da ya dawo cewa ya yi in yi haƙuri, haka halinta yake. Kullum mu ne masu haƙuri. Ita kuwa ɗakin 'yarta cike yake da 'yartsana, na gani da idona.

Ni ba malama ba ce, amma na san hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da take wasa da 'yartsana ita da ƙawayenta a gidan Annabi (SAW), yana cikin Buhari da Muslim. In zuciyarki ba ta natsu ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ko ki bar shi ba fuska, ko ku gina ɗaki ko jirgi da ƙanƙarar, yaran duk ɗaya ne a wajensu. Hoton dai ki san inda za ki tura shi.

Af, maɓallin riga kada ki sa in akwai ƙanensu mai rarrafe, baki zai kai. Zana idon da baƙin biro ya fi. Bindigar gam mai zafi ma ki raba su da ita, farin gam na 'yan makaranta ya isa, sai dai yana jinkirin bushewa kuma 'yan biyu ba su san jira ba. Kowa ki yi masa nasa, iri ɗaya sak, in ba haka ba dambe za ki raba. In safa ta gagara, farantin takarda biyu da auduga ma ana karɓa, malamai ba kyau suke dubawa ba, so suke su ga hannun yaron a ciki, don haka ko idon ya karkace ki bar shi.

In Fabrairu ta yi ki kai su bikin hunturu na Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface su ga manyan sassaƙan ƙanƙara, amma ki shafe musu fuska da man kaɗe tukuna. In kina kusa da kudancin gari ki yi min magana ta gefe, ina da buhun safa marasa aure da na rasa yadda zan yi da su.